Fiyano na makara in na haɗa da laptop, ina mafita?

Ɗan'uwa, ka ce fiyanonka Yamaha MODX in ka danna sai sautin ya makara kafin ya fito a FL Studio, manhajar haɗa kiɗa. Fiyanon lafiyarsa lau, direba ce matsalar, wato manhajar da ke haɗa fiyanon da laptop. Ka sauke Yamaha Steinberg USB Driver daga shafin Yamaha, a saitin odiyo ka zaɓe ta, ka rabu da direbar ASIO4ALL ɗin nan da kowa ke sakawa a situdiyon Kaduna, amfaninta sai ga wanda na'urarsa ba ta da direbar kanta.

Sai bafa (buffer), wato yawan sautin da laptop ke tarawa kafin ya fitar, a saitin odiyo ake saita ta. Fiyanon a 44.1kHz yake aiki, in ka sa bafar a 128 jinkirinta kusan milisakan 3 ne, 512 kuma ya haura 11 shi ne kake ji a yatsa, in 128 ya fara ƙaraf-ƙaraf ka koma 256 ba komai wallahi ana kiɗa da shi lafiya.

Ka kashe Local Control a fiyanon, wato saitin da ke sa shi fitar da sautin kansa in ka danna, in ba haka ba sauti biyu za ka riƙa ji. Kebul ɗin USB kuma kai tsaye cikin laptop, banda hob, wato na'urar ƙara ramukan USB. Sannan in an ɗauke wuta laptop ya koma kan batir yana rage ƙarfi, a saitin wutar laptop ɗin ka sa shi a High performance tun kafin ka fara.