Shekarar share fage a Ingila ko a Zariya: amsa ga yayan da ke son ɗauko ƙaninsa

Wani bawan Allah ɗan Tudun Wadan Zariya, wanda yake aikin kula da tsofaffi a Ingila da bizar da kamfaninsu ya tsaya masa, ya aiko da wannan tambaya: "Malam, ƙanina ya gama sakandare bana, ya samu kiredit a Turanci da lissafi da fizis, kuma burinsa kimiyyar kwamfuta. Wani ejan ya ce ya samo masa gurbi a wata jami'a a nan, amma sai ya fara da shekarar share fage, kuma ya ce in biya kafin alƙalami kafin wata ya ƙare. Hajiyarmu ta ƙagu ya taho kusa da ni. Shin in biya?"

Ɗan'uwa, Allah Ya saka maka da alheri bisa wannan zumunci. Amsata ita ce kada ka biya ko kwabo a yanzu, ba don shekarar share fage yaudara ba ce, sai don abin da ejan ya nuna maka kashi ɗaya ne cikin huɗu na nauyin da za ka ɗauka.

A kan buƙatar shekarar, gaskiya ya faɗa maka. Digirin farko a Ingila shekara uku ne, domin ɗalibansu suna zuwa jami'a bayan sun yi shekara biyu suna zurfafa darussa uku ko huɗu. Yawancin jami'o'in can suna ɗaukar sakamakon WAEC da NECO daidai da jarrabawar da yaransu ke yi suna da shekara 16, saboda haka wanda ya zo da shi kaɗai sai ya cike giɓin kafin ya shiga aji ɗaya. A kimiyyar kwamfuta giɓin a lissafi yake. Za a koya masa aljabara da mantiƙin lissafi da tushen rubuta manhaja, galibi da harshen Python, da kuma yadda ake rubutun jami'a ba tare da kwafe aikin wani ba, wanda a can laifi ne da kan kai ɗalibi gaban kwamitin ladabtarwa. Kuma wucewa aji ɗaya ba tabbas ba ne, domin kowace jami'a tana da makin da take so a kawo, kuma makin da ake nema a kwamfuta ya kan fi na wasu fannonin.

Abin da ejan bai bambanta maka ba shi ne shekarar share fage iri biyu ce, kuma bambancin yana shafar takardu kai tsaye. Akwai wadda take haɗe da digirin, inda jami'a za ta ba da takardar CAS, wato shaidar karɓar ɗalibi da ake neman biza da ita, guda ɗaya ta shekara huɗu, a buga biza sau ɗaya. Akwai kuma wadda kwaleji mai zaman kanta ke gudanarwa, sau da yawa a cikin harabar jami'ar da tambarinta a jikin takarda, alhali a idon hukumar shige da fice karatu ne na ƙasa da matakin digiri. A irin wannan ta biyu, dole yaron ya rubuta jarrabawar Turanci da hukumar ta amince da ita, kamar IELTS ta neman biza, ko da kuwa ya ci Turanci a WAEC. Izininsa na aiki, idan ma an ba shi, awa 10 ne a mako lokacin karatu maimakon awa 20, kuma idan ya gama, sau da yawa sai an sake neman wata biza, a sake nuna kuɗi a asusu. Ka nemi takardar tayin gurbin da idonka, ka duba sunan wanda zai ba da CAS da adadin shekarun da ta ƙunsa, sannan ka rubuta wa ofishin ɗaukar ɗalibai na jami'ar da kanka, tunda kana ƙasar kuma ba ka buƙatar tafinta. Kowane kuɗi ya tafi asusun makarantar, ba hannun ejan ba, kuma ka karanta sharaɗin mayar da kafin alƙalami idan aka hana biza. Gaggawar da yake yi maka tasa ce, domin daga makarantar yake karɓar lada a kan kowane ɗalibi da ya kai.

Batun kuɗi shi ne inda nake so ka zauna da biro da takarda. Zamanka a Ingila bai mayar da ƙaninka ɗan gida ba: kuɗin baƙi zai biya, wanda a wannan fanni yake kamawa daga wajen fam 15,000 zuwa sama da fam 30,000 a shekara gwargwadon jami'a, kuma ba shi da haƙƙin bashin karatu na gwamnati. Kafin a ba shi biza sai ya nuna kuɗin makarantar shekarar farko, da kuɗin zama na wata 9 wanda ya haura fam 1,100 a wata a wajen Landan, kuma kuɗin su kwana 28 a jere a asusu ba su ragu ba ko na yini ɗaya. Akwai kuma kuɗin lafiya na fam 776 a kowace shekara, wanda ake biya gaba ɗaya tun farko, da kuɗin bizar kanta, da gwajin tarin fuka a asibitin da aka amince da shi a Abuja ko Legas. Waɗannan alƙaluma suna hawa kusan kowace shekara, don haka ka duba shafin gwamnatin Birtaniya a ranar da za ka yi lissafinka.

Akwai wata ƙa'ida da ta kayar da 'yan ci-rani da yawa. Hukumar ba ta karɓar asusun yaya ko kawu ko baffa. Kuɗin sai sun kasance da sunan ɗalibin ko na mahaifi ko mahaifiya ko waliyyin da kotu ta tabbatar. Idan kai ne mai biya, sai ka tura kuɗin asusunsa ko na Hajiya tun kafin a fara ƙirga kwanakin, idan kuma na Hajiya ne, sai an haɗa da takardar haihuwa da wasiƙar amincewarta. A nan ne wata matsalar tamu ta gida ke ɓullowa. Ka sa a jera fasfo da lambar NIN da sakamakon WAEC da takardar haihuwa a kan tabarma ɗaya, a bi su harafi bayan harafi. Ba abin mamaki ba ne ka tarar nan an rubuta Muhammad, can Mohammed, ko ranar haihuwa 1 ga Janairu a wata takarda da wata ranar dabam a ɗaya, kuma gyaran irin wannan yana cin watanni.

Kada ka sa aikin yaron a cikin lissafi. A 2025 mafi ƙarancin albashi ga ɗan shekara 18 zuwa 20 fam 10 ne a awa, wato awa 10 fam 100 ke nan a mako, abin da ko hayar ɗaki ba zai riƙe ba a yawancin birane. Kuma bizar ɗalibi ta haramta sana'ar kai, saboda haka gina wa mutane shafin intanet a biya shi, wanda shi ne abin da ɗaliban kwamfuta suka fi sha'awa, karya sharaɗin biza ne. Ka dubi matsayinka kai ma. Bizarka tana rataye a wuyan kamfani ɗaya, idan aka soke lasisinsa kwana 60 aka saba ba mutum ya samu wani ko ya bar ƙasar. A 2024, bayan faɗuwar darajar naira, an ga ɗaliban Najeriya a wata jami'ar arewa maso gabashin Ingila da aka cire su daga karatu aka ce su koma gida saboda sun gaza cika kuɗin makaranta. Wanda ya tsaya a shekara ta biyu ba digiri ya dawo da shi ba, kuma takardar share fage ita kaɗai ba ta da kasuwa a can ko a nan.

Abin da na fi karkata a kai shi ne ya yi share fagensa a gida, domin Zariya ba ta rasa wannan ba. Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka kafa a 1962, ita ke kula da jarrabawar IJMB, inda ɗalibi ke ɗaukar darussa uku na kusan shekara guda, idan ya samu maki mai kyau ya nemi shiga aji biyu kai tsaye ta hannun JAMB. Tana da makarantar share fage a Funtuwa, tana da sashen kimiyyar kwamfuta a Samaru, ga kuma Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli ga mai son difloma. Jami'o'in Ingila da dama suna karɓar wanda ya kammala shekarar farko a jami'ar Najeriya ko difloma da sakamako mai kyau zuwa aji ɗaya ba tare da share fage ba, sai dai a nemi tabbacin haka a rubuce daga jami'ar da ake so. Ba zan ɓoye maka aibin wannan hanya ba: yajin aikin malaman jami'a na 2022 ya ci wata takwas, gasar samun gurbi a kwamfuta tana da zafi, ɗalibai sun yi wa kayan aiki yawa, ga matsalar wuta. Amma idan ya gama a nan da sakamako mai kyau, ya yi hidimar ƙasa, digiri na biyu a Ingila shekara ɗaya ne kacal, wato kuɗin shekara ɗaya maimakon huɗu, kuma yana ba da izinin zama a nemi aiki bayan kammalawa, wanda shekara biyu ne a yanzu, za a rage shi zuwa wata 18 ga masu nema daga Janairun 2027.

Kafin duk wannan, ka gwada ƙanin naka, domin yara da yawa da ke cewa suna son kwamfuta waya suke so, ba lissafi ba. Ka aiko masa da kwamfutar tafi-da-gidanka ko da ta hannu ce, ka ɗauki nauyin datarsa na wata uku, ka ce ya koyi Python daga darussan kyauta na intanet, ya rubuta ƙaramar manhaja da za ta riƙe lissafin bashi na wani shago a Sabon Gari. Kowace Juma'a ya nuna maka abin da ya rubuta ta bidiyo, ya bayyana maka layi bayan layi da bakinsa, don ka tabbatar ba wata na'ura ce ta rubuta masa ba. Idan ka ga yana ɗaukar kwamfutar zuwa wurin caji duk lokacin da aka ɗauke wuta don kada aikin ya tsaya, to kuɗinka ba zai faɗi ƙasa banza ba.

Ita kuwa Hajiya, ka kira ta ku yi magana ku biyu kafin labari ya bazu a dangi cewa yaro zai tafi Turai, domin da zarar an fara yi masa Allah Ya kiyaye hanya, janyewa sai ta zama abin kunya. Ka faɗa mata jimillar kuɗin shekara huɗu da naira, ka kuma faɗa mata abin da zai ragu daga cefanen da kake turowa duk wata idan ka ɗauki wannan nauyi. Idan bayan lissafi ka ga kana da kuɗin shekara biyu a ajiye, sauran biyun kuma albashinka zai ɗauka ba tare da bashi ba, ka zaɓi share fagen da ke haɗe da digiri a jami'ar da ke garin da kake, domin ya zauna tare da kai ku rage kuɗin haya, kodayake hukumar za ta nemi ganin kuɗin zama cikakke duk da haka. Idan lissafin bai kai nan ba, ka ce wa ejan an fasa, ka tura wa yaron kuɗin fom ɗin IJMB na bana.