Tambaya da Amsa: Wai da gaske akwai daraktan fim ɗan shekara 100?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, ya aiki. Musu ne ya kaure mana a teburin mai shayi, wani abokina ɗan ABU ya ce wai akwai Baturen da ya haura shekara 100 yana ba da umarni a fim, ni kuma na ce ina, mai shekara 100 ai ko miƙewa sai an kama shi. Mun yi da shi wanda aka kayar shi zai biya kuɗin indomi da ƙwai. Daga mai karatunku a Samaru, Zariya.

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa, to sai ka laluba aljihu don abokinka ya fi ka gaskiya. Sunan mutumin Manoel de Oliveira, ɗan ƙasar Fotugal, an haife shi a birnin Porto a 1908 ya mutu a 2015 yana da shekara 106. Fim ɗinsa na farko a 1931 ya fito, irin na da ɗin nan mara magana, kan leburorin bakin kogin Douro. Dogon fim ɗinsa na ƙarshe kuma 2012, yana da 103, bai ma haƙura ba sai da ya ƙara wani gajere a 2014.

Ni fa ba tsufan ne ya fi ɗaure min kai ba, ƙuruciyar da ta wuce kusan a banza ce. A 1942 ya yi Aniki-Bóbó kan yaran unguwa, fim ɗin bai yi kasuwa ba, ga gwamnatin kama-karya ta Salazar ta riƙe kuɗi ta riƙe tace fim, sai bawan Allah ya koma gona yana noman inabi shekara da shekaru, ɗan abin da yake ɗauka jefi-jefi ne, har 'yan sandan ciki sun taɓa tsare shi a 1963. Sai 1971 ya dawo sosai, daga 1990 kuwa kusan duk shekara sai ya fitar da fim, lokacin ya haura 80 fa.

Amma kar ka nema da zaton za ka ga faɗa ko rawa, kyamara a kafe take wuri ɗaya mutane na ta zuba zance, akwai na 1985 mai kusan awa 7, in ka kunna bayan azahar sai an idar da isha'i kana zaune. Akwai kuma wanda ya ɗauka a 1982 kan gidansa da rayuwarsa ya ce kar a haska sai bayan ransa, haka aka adana shi shekara 33 kafin jama'a su gani.