Lafiyarka Jarinka: Tambayoyinku kan Ƙofofin Zuciya da Hoton Eko

TAMBAYA: Assalamu alaikum. 'Yata mai shekara 14 ce take yawan haki, ko ruwa ta ɗebo sai ta zauna ta huta. Shekara uku da suka wuce ta yi zazzaɓi da kumburin gwiwa. Likita ya saurari ƙirjinta ya ce yana jin wani sauti. An yi mata ECG da hoton ƙirji, yanzu kuma an ce sai an yi wani wai shi eko. Ba maimaici ba ne? Kuɗin ya yi mana nauyi. Daga wata uwa a Funtuwa.

AMSA: Wa'alaikumussalam, Hajiya, Allah Ya ba ta lafiya. Ba maimaici ba ne. A cikin ukun ma, eko ne bai kamata a tsallake ba.

Zuciya tana da ɗakuna huɗu da ƙofofi huɗu, abin da bakanike zai kira bawul. Kowace ƙofa takan buɗe jini ya wuce, ta rufe kada ya komo, kamar sau 100,000 a yini. Lalacewarta iri biyu ce: ko ta tsuke jini ya riƙa kutsawa da ƙyar, ko ta kasa rufuwa ta riƙa yoyo. Sautin da likita ya ji ƙarar wannan kutsawa ce ko yoyon, amma kunne ba ya auna tsananinsa. ECG wutar zuciya yake karantawa. Hoton ƙirji kuma inuwarta yake nunawa, da ko ruwa ya taru a huhu. Babu wanda yake ganin ƙofar kanta a cikinsu, sai eko, wato hoton zuciya da ake ɗauka da sauti.

Zazzaɓin nan da kumburin gwiwa shi ya fi ɗaukar mana hankali. Akwai ƙwayar cuta mai kawo ciwon maƙogwaro ga yara, musamman 'yan shekara 5 zuwa 15 da ke kwana da yawa a ɗaki ɗaya. In ba a kashe ta da magani ba, bayan mako biyu zuwa uku garkuwar jiki kan juya ta afka wa gaɓoɓi da ƙofofin zuciya. Gwiwa takan warke sarai, ƙofa kuwa tabo take yi. Wadda ta fi shan wahala ita ce maitiral, mai marfi biyu, tsakanin ɗakin sama da na ƙasa a ɓangaren hagu. A shekarun 'yarki an fi samun yoyo. Daga baya ne gefunan marafen ke mannewa, har ƙofar ta koma kamar bakin kifi.

Yadda ake yin eko: za ta kwanta a gefenta na hagu, hannun hagu a ƙarƙashin kai. A shafa mata wani abu mai sanyi mai yauƙi a ƙirji, a ɗora kan na'urar tsakanin haƙarƙari kusa da ƙashin ƙirji, sai ƙasan nonon hagu, sai saman ciki, wani lokaci da ramin wuya. Minti 30 zuwa 45 ne. Babu allura, babu azumi, sauti ne kawai ake aikawa ya dawo. Kina da damar zama tare da ita a ɗakin. Za a auna faɗin ƙofar, wanda ga baligi mai lafiya murabba'in santimita 4 zuwa 6 ne, in ya sauko 1.5 ko ƙasa tsukewar ta yi tsanani. Za a duba yawan yoyon, da girman ɗakunan, da ko matsin jini ya hau a jijiyar huhu.

In an tabbatar, za a sa ta kan allurar fenisilin mai daɗewa a jiki, duk mako huɗu, wasu likitoci duk mako uku, shekaru masu yawa. Kada a daina don ta ji sauƙi. Duk dawowar zazzaɓin ƙarin tabo ne a kan na da.

TAMBAYA: Mahaifina mai shekara 72 an yi masa eko a wuri biyu cikin wata ɗaya. Na farko ya ce tsukewar ƙofar ayota matsakaiciya ce, na biyu ya ce mai tsanani ce. Wa za mu bi? Daga wani malamin makaranta a Maraɗi.

AMSA: Malam, kada ka tsaya a kalmar ƙarshe ta takardar, ka nemi lambobi uku. Ƙofar ayota ita ce wadda jini ke fita ta cikinta zuwa dukan jiki, kuma a shekarun Baba ƙasa-ƙasa mai tauri ce take taruwa a kanta har ta sandare. Ana cewa ta yi tsanani idan gudun jini a bakinta ya kai mita 4 a daƙiƙa, ko matsakaicin bambancin matsi tsakanin bayan ƙofar da gabanta ya kai 40 a irin ma'aunin hawan jini, ko faɗinta ya koma murabba'in santimita 1 ko ƙasa, alhali na mai lafiya 3 zuwa 4 ne. Ka tuna tiyon ban ruwa: in ka matse bakinsa da yatsa, ruwan sai ya yi tsiri. Gudun nan shi na'ura ke aunawa.

Saɓani yakan shigo ta hanya uku. In mai hoton bai daidaita na'urar da hanyar da jinin ke bi ba, gudun zai fito ƙasa da gaskiya, shi ya sa gwani ke gwadawa ta kusurwa da yawa, har ta gefen dama na ƙirji, ya ɗauki mafi girma. Don haka sau da yawa wanda ya samu gudu mafi yawa shi ya fi kusa da gaskiya. Na biyu, faɗin ƙofar lissafa shi ake yi daga faɗin mashigar da ke ƙasanta, kuma ana ninka wannan awon da kansa: wani ya auna milimita 20, wani 22, sakamakon ya bambanta da kusan kashi 20 cikin 100. Na uku, zuciyar da ta gaji ba ta iya tura jini da ƙarfi, sai gudun ya yi ƙasa ko da ƙofar ta tsuke sosai. Ƙarancin jini ko zazzaɓi kuwa ɗaga lambobin suke yi.

Ka kai takardun biyu, da hotunan in an ba ku, wurin likitan zuciya. In lambobin sun ƙi jituwa, akwai hoton CT mai auna yawan taurin da ya taru, inda maki 2000 ga namiji ko 1200 ga mace ke nuna tsanani, akwai kuma eko da ake yi ana ɗura maganin da ke ƙara wa zuciya ƙarfi. Matsakaiciya akan sake duba ta duk shekara ɗaya zuwa biyu, mai tsanani duk wata 6 zuwa 12. Amma in Baba yana ciwon ƙirji in ya yi tafiya, ko haki, ko ya taɓa suma, kada ku jira ranar da aka ba ku. Babu ƙwayar da ke buɗe wannan ƙofar, sauya ta ake yi.

TAMBAYA: Ina da cikin wata biyar, an ce ƙofar maitiral ɗina ta tsuke, ana son a zura mini na'ura ta maƙogwaro. Ina tsoro saboda jaririn. Daga wata 'yar'uwa a Kumasi.

AMSA: 'Yar'uwa, ki kwantar da hankalinki, wannan ma eko ne, sauti ne, ba ya taɓa ɗan tayi. Hanyar abinci tana bi ta bayan ɗakin hagu na sama, don haka daga nan ake ganin gudan jini in ya daskare a lungunsa. Dole a tabbatar babu shi kafin a buɗe ƙofar da ɗan balan-balan da ake zurawa ta jijiya a hura a bakinta, in ba haka ba zai iya ɓallewa ya tafi ƙwaƙwalwa. Za ki yi awa 6 ba ci, a fesa miki maganin kashe zafi a maƙogwaro, aikin kamar minti 20. Bayan an gama, kada ki ci ko ki sha sai maganin ya sake ki. Ki tabbatar likitan haihuwarki ya san da maganar.

Dalilin gaggawar shi ne ciki yana ƙara yawan jini da kashi 40 zuwa 50 cikin 100, zuciya kuma ta ƙara sauri, ƙofar da ta tsuke ba ta samun lokacin wucewar jinin, sai ya koma huhu. A asibiti za ki haihu, kuma kwanakin farko bayan haihuwa sun fi haɗari. Ki bar kunun kanwa, gishirinsa ruwa yake tara wa jiki.

TAMBAYA: Takardata ta ce akwai ɗan yoyo kaɗan a ƙofar dama, komai kuma lafiya. Ciwon zuciya ne? Daga wani ɗalibi a Garwa.

AMSA: A'a, ɗan'uwa. Yawancin masu lafiya suna da wannan ɗan yoyon, na'urorin yanzu ne ke da kaifin gani. Mai hoto ma da shi yake ƙiyasta matsin jini a huhu. In marafen da girman ɗakunan daidai suke, ba ka buƙatar magani, kuma ka ci gaba da buga ƙwallonka.