Iyaka kan kashe kuɗin jiha, da asusun ajiya

Malam, kana tambaya ko ƙayyade abin da gwamnatin jiha za ta kashe tare da ajiyar ko-ta-kwana abu ne mai kyau. Ni dai shawarata, fara duba yadda ake lissafin iyakar. Colorado a Amurka ta kafa tata a 1992, ƙarin kasafi bai wuce hauhawar farashi da ƙaruwar jama'a, to da tattalin arziki ya faɗi a 2001 sai iyakar ta sauko ta maƙale a ƙasa saboda daga kuɗin shekarar da ta gabata ake lissafa ta, jami'o'in jihar suka sha yanka, har a 2005 masu zaɓe suka dakatar da ita shekara biyar. Kuskuren mutane kuma, an ce ajiya sai murna, ba wanda ya tambayi wa ke da ikon ɗiba, yaushe, kuma ya za a mayar. Sashen dokar da ya yi maganar ɗiba da mayarwa kam lauya ko masanin kasafi ya karanta maka.