Amsa ga 'yar'uwar da maigidanta ke mantuwa bayan hatsarin moto

Salamu alaikum 'yar'uwa. Kin ce tun da maigidanki ya faɗi a moto yana tuna abokansa na lakkol, amma bai san ya ci abincin rana ba. Wallahi ƙanena ne sak, a nan Tahoua.

Kada ki yarda kowa ya ce miki da gangan yake yi. Mu kawunmu ne ya tsaya tsakar gida, gaban jama'a, ya ce yaron nan bashi yake gudu, wai wanda ke kawo Yasin da ka ba ya manta jika goma. Har yau in na tuna raina ɓaci yake. Ga shi mahaifinmu ya rasu shi yana kwance asibiti. Gari na wayewa sai ya ce ina Baba, a faɗa masa, ya fashe da kuka. Gobe ya sake tambaya, ya sake sabon kuka. Kawun nan yana kallo, ko sannu bai taɓa ce masa ba.

Wani lokotoro a Yamai ne ya fahimtar da mu. Can cikin ƙwaƙwalwa, dama da hagu, akwai ɗan sashen da ake kira hifokamfus. Nan sabon abu ke fara sauka, sai a hankali, musamman cikin barci, ya zauna daram a sauran ƙwaƙwalwa. In wurin ya ji ciwo, tsohon hatsi na nan cikin rumbu, sabo ne ba ya shiga. A Amurka, a 1953, an cire wa wani mutum mai suna Henry Molaison mafi yawan sashen nan saboda farfaɗiya, har ya rasu a 2008 sabon abu bai ƙara zama masa ba. Amma wata mai binciken ƙwaƙwalwa, Brenda Milner, ta ga hannunsa na ƙwarewa wajen zane ta madubi, shi ko bai san ya taɓa gwadawa ba. Wato ƙwarewar hannu ba a sashen nan take ba, shi ya sa ƙanena ya iya komawa kan keken ɗinkinsa.

Don Allah ki daina ce masa "ka tuna?", kunya take sa shi. Ki saya masa kaye ya riƙa rubutawa da hannunsa. Makulli da waya wuri ɗaya kullum. A bar shi ya yi barci, 'yan dubiya su rage hirar dare da shayi. Kada a ba shi ƙwayar 'yan tebur. In amai ko jijjiga ko ciwon kai mai tsanani ya zo, asibiti nan take. Ke ma ki nemi mai kama miki jinya, ni sai da na kwanta ciwo. Allah ya ba shi lafiya.