Ɓoye sunayen surori cikin zance: ya dace kuwa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni malamar firamare ce a Kaduna, da yamma kuma ina koyarwa a Islamiyyar unguwarmu. Wata abokiyar aikina Kirista ta zo ɗakin malamai da takarda mai sakin layi guda na Turanci, an ɓoye sunayen littattafan Baibul a cikinsa. Muka duƙufa mu duka muna nema har aka buga ƙararrawa. Yanzu duk Alhamis sai wani ya kawo sabuwa. Ina sha'awar yi wa 'yan ajina irinta da sunayen surorin Alƙur'ani, amma maigidana ya ce yana tsoron kada abin ya zama wasa da Littafin Allah. Ya dace in yi? Kuma zai yiwu da Hausa?
Daga wata malama, Kaduna.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Ki gaishe mini da maigida, ki ce masa tsoronsa na kan hanya, kuma da shi zan fara. Ni ba mai ba da fatawa ba ne, malamin makaranta ne kamarki, don haka abin da zan faɗa ki kai shi gaban malamin da kuke karatu a wurinsa.

Jefa wa ɗalibai tambaya don a gwada fahimtarsu yana da asali mai ƙarfi. Bukhari ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wa sahabbai akwai wata bishiya da ganyenta ba ya zuba, kuma misalinta kamar Musulmi ne, su faɗa masa wace ce. Mutane suka yi ta ambaton itatuwan daji. Ɗan Umar ya gane dabino ne, amma kunya ta hana shi magana don shi ne ƙarami a wurin. Da ya gaya wa mahaifinsa daga baya, Umar ya nuna masa da ya faɗa da ya fi masa daɗi. Bukhari ya sa wannan hadisi a littafin ilimi, ƙarƙashin babin shugaba ya jefa wa mutanensa mas'ala don ya gwada saninsu.

Mu ma da muka tashi a makarantar allo mun san irin wannan. Bayan an wanke alluna gardawa kan zauna suna ƙure juna. Wace sura ce ba a buɗe ta da Bisimilla ba? Tauba. Wace ce ke da Bisimilla biyu? Namli, saboda wasiƙar Annabi Sulaimanu. Wace ce kowace aya tata akwai sunan Allah? Mujadala. Wane sahabi ne kaɗai aka kira da sunansa? Zaidu, a Ahzab. Alarammomi kuwa suna da harji, inda gwani zai faɗa miki sau nawa kalma kaza ta zo da kuma wuraren da ta zo. Ban taɓa jin wanda ya kira wannan raini ba. Hadda ake ƙarfafawa da shi.

Inda nake tsayawa shi ne nan: sunan sura daban, lafazin aya daban. Ki ɓoye suna, kada ki taɓa aya. Kada a yanka aya a cusa ta cikin hirar kasuwa, kada a juya ta don ta ba da dariya. Saboda haka ne ma ni ba na sa Yasin, Ɗaha, Sad da Ƙaf, duk da suna da saukin ɓoyewa, domin waɗannan sunaye su ne ainihin haruffan da surorin suka fara da su. Haka kuma jimlar da za ki ɓoye sunan a ciki ta zama mai tsabta, ba zagi, ba batsa, ba zancen banɗaki. In an gama ki tattara takardun da hannunki, kada gobe a gan su wurin mai ƙosai.

To, zai yiwu da Hausa? Ƙwarai kuwa, har ma ina ganin Hausa ta fi Turanci ba da haɗin kai. Kusan duk kalmominmu da wasali suke ƙarewa, ta gaba kuma ta fara da baƙi, sai gaɓoɓi su riƙa ɗinkuwa da kansu. Dubi wannan: "Ba ƙaramin aiki ba ne." Karanta haruffa shida na farko ba tare da kula da tazara ba, ga Baƙara, sura mafi tsawo, zaune a bakin ƙofa, kuma yawancin yara za su tsallake ta. "Buhu dubu" na ɗauke da Hudu. Ga wanda na fi so: "kwanu huɗu". Yaro mai gaggawa zai yi tsalle ya ce ya ga Hudu, alhali ɗ mai lanƙwasa ce a wurin, ba d ba. Wanda ya natsu shi zai ga Nuhu a tsakanin kalmomin biyu. Da jimla ɗaya kin koyar da sunan sura, kin kuma koyar da ƙa'idar rubutu, abin da wayar hannu ke neman kashe wa yaranmu.

Ga yadda nake ƙirƙira. Nakan raba sunan gida biyu, in nemi kalmar da ta ƙare da rabin farko da wadda ta fara da rabi na biyu. Abasa: "aba" da "sa", sai "raba sabulu". Ki haɗa masu sauƙi da masu wuya. Rum a cikin "rumfa" na ƙananan yara ne, don kowa ya samu abin ɗaga hannu. Labarin kuma ya tafi sumul, domin da zarar jimla ta yi tauri ido zai san akwai abu a wurin. In kin gama ki sake karantawa harafi bayan harafi, don wani sunan yakan shiga ba da saninki ba.

Abu ɗaya zai iya jawo gardama a aji, ki kashe shi tun farko. Sura ɗaya kan zo da suna biyu: Tauba ita ce Bara'a, Isra'i ita ce Bani Isra'ila, Gafir ita ce Mumin. A allo kuma da farkon sura muke kiranta, mu ce Tabbat yada, Iza ja'a, Sabbi, Amma, Tabara. Ki rubuta sunaye 114 a jikin bango kamar yadda suke a fihirisar Alƙur'anin da kuke karatu da shi, ki ce da su kaɗai za a yi aiki, ba tare da "al" na farko ba. Wanda ya gano suna kuma ladansa bai cika ba sai ya faɗi izun da surar take, ko ya karanto farkonta. Idan babu wannan, nishaɗi kawai aka yi.

Zaman Alhamis ɗinku kuwa ku riƙe shi da kyau, ya faranta mini rai. Ki gaya wa abokiyar aikinki ita ma tana iya yin nata da Hausa, tunda Littafi Mai Tsarki cikakke ya fito da Hausa tun 1932, kuma tana da sunaye 66 na zaɓa. Ayuba na nan cikin "ba zai rayu ba", Luka cikin "ulu kala-kala". Kowa ya kiyaye alfarmar littafin ɗan'uwansa kamar yadda yake so a kiyaye nasa.

Ga ta gwaji, ke da maigida da sauran masu karatu. Surori tara ne a ciki, ɗaya ta ratsa kalmomi uku. Amsa sai fitowa ta gaba.

"Ranar Litinin na leƙa lambu na tarar Inna tana ɗura zuma rabin kwalba. Ta ce in ɗauki buhu maza in kai gida, ga firji can a sa ganyen a ciki. Na ce ta ba ni sauran, zan leƙa marar lafiya da ita."