Amsar Goggo kan zaman da kike zuwa ranar Asabar

Ɗiyata, na ga saƙonki tun daren jiya, na karanta na ajiye wayar na sake ɗauka. Da farko dariya ce ta kama ni, wai ƙungiyar masu damuwa da masu saurin fushi, ku taru duk Asabar kowacce ta faɗi abin da ke cin ranta, ba malami ba likita, har da mai duba agogo kar wata ta cinye lokacin wata. Amma da na kai inda kika ce wata uku ba kya barci, gabanki na faɗuwa haka kawai, kina yi wa yara tsawa sannan ki shige ɗaki ki yi ta kuka, wallahi sai jikina ya yi sanyi. Kina tambayata ko al'adarmu ta yarda mace ta je ta zazzage cikinta gaban bare, ko kuwa tonon asiri ne.

To mu dai da aka tashe mu, abin da muke ji kullum shi ne ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Kakarmu in ta ga kin buɗe baki za ki kai ƙarar gidan miji sai ta ce magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa. Kuma tana da gaskiyarta, na ga auren da ya mutu saboda magana guda da aka faɗa a bakin rijiya.

Amma bari in gaya miki abin da ko babanki bai sani ba, lokacin yana makarantar allo. Shekarar da aka kashe Murtala, 1976, baƙon dauro ya shigo ƙauyenmu can bayan Bichi, ya ɗauke min ɗana na fari yana wata goma sha ɗaya. Kin san ɗan fari, ko sunansa ba na faɗa, ko wasa ba na yi masa a gaban mutane, to balle in yi masa kuka. Aka yi zaman gaisuwa aka watse, kowa ya ce sai haƙuri, na ce haƙuri sai ma'aiki. Daga nan bakina ya rufe. Tuwo in na sa a baki kamar ƙasa, dare ya yi idona biyu har kiran assalatu, in kishiyata ta ajiye kwano da ƙarfi sai in ji kamar in shaƙe ta, ni da ba a san ni da faɗa ba. Aka ce iska ce, aka yi rubutu aka yi hayaƙi, har wani ya kawo maganar a sa min mari a ƙafa irin na mahaukata.

Sai wata tsohuwa a makwabtanmu, Allah ya jiƙanta, ta aiko wai a ba ta aron ni in taya ta kaɗi da daddare. Na je ba da son raina ba. Na tarar da mata shida a ɗakinta, fitilar aci-bal-bal a tsakiya, wata na shiɓa wata na murza mazari, ga alli a ɗan kasko. Ba wadda ta kalle ni, aka miƙo min auduga kawai. Can tsohuwar ta ce, kamar da zaren take magana, ita huɗu ta binne kafin ɗaya ya tsaya mata, ta jera sunayensu ɗaya bayan ɗaya har da na farin. Ban taɓa jin babbar mace ta kama sunan ɗan farinta ba sai ranar. Ta kusa da ita ta ce ita bayan nata ya rasu shekara guda tana jin kukansa a bayan ɗaki. Wata ta ce ita randa ta fasa da gangan don takaici, ta ce wa mijinta akuya ce. Haka aka zagayo. Da aka zo kaina ba wadda ta ce in yi magana, ba wadda ta ce min yi haƙuri, mazari kawai ke juyawa, sai na ji sunan yaron ya fito daga bakina, na yi kukan da ban yi ba wata biyu har zaren hannuna ya jiƙe. Tsohuwar ta ce a bar ta, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Na yi ta zuwa har damina ta faɗi, kuma ko kalma ɗaya ban taɓa jin ta a waje ba.

Wannan ne yake damuna da naku. Waɗancan matan mun san iyayensu, in ɗaya ta fitar da magana ta san inda za a same ta. Ku kuma kowacce da waya a hannu, a ɗauki murya a tura, kafin magariba ta kai Legas. Ki tambaye su ko ana ajiye waya a ƙofa. Ki faɗi ciwonki ke, na mijinki ki bar masa. Kuma abin da ya fi min ciwo, kuna gidajen nan kowa ya ja get ya kulle, wata uku kina cikin wannan hali ni ina nan da raina sai a saƙo nake ji. Mu ma da laifinmu, mun koya muku haƙuri ba mu koya muku inda ake sauke shi ba.

Rashin barcin nan kada ki tsaya a zaman Asabar kaɗai. Akwai likitocin ƙwaƙwalwa a asibitin Dawanau, akwai a asibitin Malam Aminu Kano, zuwa wajensu ba ya nufin kin haukace, da a zamaninmu muna da su kusa da wasu ba a sa musu mari ba. In zuciya ta taɓa raya miki ki cutar da kanki, ko tsakar dare ne ki kira ni. In fushin ya taso kina tsaye ki zauna, in bai tafi ba ki kishingiɗa, haka Annabi (SAW) ya koyar.

Ki zo ranar Juma'a bayan an sauko, ki bar yaran wajen babansu. Mazarin nan yana cikin adakata har yanzu, zan nuna miki.